Maɓallin Sama a Wayar Kaka Barau

Shekara arba'in da wani abu kakana Barau da amininsa Giɗaɗo suka yi suna dara a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidanmu na Damri, kuma ban taɓa jin ɗaya ya yarda ɗaya ya fi shi ba. Gurbi talatin ne haƙe a ƙasa, layi biyar, shida-shida. Kaka da guntayen kara goma sha biyu, Baffa Giɗaɗo da tsakuwa goma sha biyu. Da farko kowa ya zuba 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsawa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa. Wurin zama ma ba ya canzawa. Kaka gabas yake duba, Baffa yamma. Da yake bayan la'asar suke farawa, rana a idon Baffa take sauka, saboda haka duk ranar da aka cinye shi sai ya ce rana ce ta cinye shi. Kaka kuwa ya ce shi bai taɓa ganin rana ta ɗaga tsakuwa ba. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa kawo shawarar su musanya wuri.

Shekara uku ke nan zaman ruga ya gagara saboda rashin tsaro. Baffa ya sayar da ragowar shanunsa, ya koma wurin ɗansa Mukhtar a cikin garin Maradun. Hanyar kuwa ba ta tsofaffi ba ce yanzu, ko matasa sai da dalili suke binta. Ga yanar ido ta rufe wa Kaka gani, haske kawai yake rarrabewa, shi kuma Baffa kunnensa ya yi nauyi. Sun gwada yin darar ta waya sau biyu. Kaka ya ce kudu, Baffa ya ce ƙudan me? Aka tashi kowa yana haki. Daga nan Kaka ya daina fita ƙofar gida. Damina da akuyoyi suka cike guraben. Gwaggo Hasana, wadda ke kula da shi, ta ce mini tuwon da take kai masa kusan yadda ta kai haka take ɗaukowa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ni na san ba rashin jin yunwa ba ne, abokin gardama ya rasa.

Ni sunana Surayya, ina koyar da kwamfuta a wata cibiya a Talata Mafara. Ban da wannan, ina da wani aiki da ba wanda ya ɗora mini, wanda mutanen gidanmu suke kira wasan yara. Akwai abin da ake kira injin wasa. Ba inji ba ne mai ƙarfe da mai, rubutun kwamfuta ne da ake ɗora wasanni a kansa, kamar yadda ake ɗora ɗaki a kan harsashi. Shi ke zana hoto, shi ke jin an taɓa maɓalli, shi ke fitar da sauti, shi ke aika saƙo zuwa ɗaya na'urar. Wanda nake aiki da shi na kowa ne. Wani mutum ne ya fara shi a wata ƙasa mai sanyi, ya bar rubutun a buɗe, wanda ya so ya ɗauka, ya gyara, ya mayar a duba, in ya yi kyau a haɗa da na kowa. Mun fi ɗari muna tattaɓa shi, yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskar juna ba.

Wahalar ita ce kowace na'ura da halinta. Abin da ya yi tafiya lafiya a kwamfuta, in ka kai shi babbar waya sai ya kwanta. Sai an zauna an koya masa zama a sabon wuri, a nuna masa girman fuskar, da yadda ake taɓa ta, da iyakar abin da cikinta zai ɗauka. Ni wannan ɓangaren nake so. Da na ga halin da Kaka ya shiga, sai na ce a raina, ɗaya yana da kunne ba ido, ɗaya yana da ido ba kunne, to ai aikina ne ya zo har gida.

Rubuta darar kanta bai fi mini mako uku ba. Na fara da kwamfutocin cibiyarmu, ɗalibaina suka yi ta yi har suka daina kula darasi. Daga nan na kai ta babbar waya irin ta Mukhtar, wadda ake shafawa. A nan ma ba a sha wuya ba, domin wasu sun riga sun share hanya. Mutum ya ɗora yatsa a kan tsakuwa, ya ja ta inda yake so. Na ƙara girman guraben saboda idon tsoho, na yi wa ƙasar launin ƙasar Damri gwargwadon iyawata.

Kaka ne matsalar. Na taɓa miƙa masa babbar waya, ya shafa ta gaba da baya, ya mayar mini.

“Wagga ai madubi ta,” in ji shi. “Mi zan yi da madubi, ni da ba ni gani?”

Shi ƙaramar waya ya sani, mai maɓallai, wadda yara ke kira da wani suna da ba zan maimaita a nan ba. Na samo irinta mai ɗan shiga intanet. Injin namu bai taɓa shiga irin wannan waya ba. Na tambaya a zaurenmu na intanet, wani ya ce ba zai yiwu ba, wani ya tambaye ni ko har yanzu ana amfani da su. Na so in gaya masa ya zo kasuwar Mafara ranar Talata ya ƙirga, amma na haɗiye.

Wata biyar na yi a kanta. Cikinta bai ɗaukar komai, sai da na sauke wa injin kaya ɗaya bayan ɗaya, na cire inuwa, na cire kiɗa, na cire duk wani ado, ya rage daga shi sai ƙashi. Ya ƙi tashi sau ba adadi. Ran da ya tashi kuma sai ya shanye caji kafin a gama zubi. Na gyara wannan, sauti ya ɗauke. Na gyara sauti, sai na tarar in sabis ya ɗan yanke wasa ya watse, kuma sabis ɗin Damri kowa ya san shi. Na koya wa injin haƙuri, ya riƙe saƙo har sabis ya dawo. A ƙarshe na naɗi muryata ina kiran lambobi ɗaya zuwa talatin, da gabas, yamma, kudu, arewa, domin wayar ta riƙa gaya wa Kaka abin da Baffa ya yi. Ran da na ga tsakuwa ta motsa a babbar waya, ƙaramar ta amsa da muryata, sai da na tashi na zaga ɗakin sau biyu.

Wata Asabar na shiga mota na tafi Damri. Bayan mun gaisa, na tambayi jiki, ya tambayi mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu, sai na ce masa na zo da dara.

“Amarya, ke da ko tuwo ba ki iya ba, dara za ki koya min?”

“Ba koya maka zan yi ba, Kaka. Baffa na kawo maka.”

Sai ya ce a kama hannunsa a kai shi gindin tsamiya. Da yatsunsa ya lalubo inda guraben suke, ya sake tone su da kansa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Gwaggo ta karyo masa kara, ta tsinto tsakuwa. Shirin shi ne, darar gaske tana ƙasa a gabansa, waya manzo ce kawai. Muka ba guraben lamba, ya haddace su kafin in gama bayani. In zai zuba ɗa, ya danna lambar gurbi. In zai matsa, ya danna lambar gurbin, sannan ya danna ɗaya daga cikin maɓallan kibiya huɗu da ke tsakiyar wayar.

“Kibiyoyin nan huɗu su ne gabas da yamma da kudu da arewa,” na ce masa.

Ya shafa su da babban yatsa. “Na gane.”

Iyakar abin da muka ce game da su ke nan. Ni ban ƙara ba, shi bai tambaya ba.

Na kira Mukhtar, ya zaunar da mahaifinsa, aka fara zubi. Da Kaka ya danna gurbi, sai wayar ta maimaita masa abin da ya yi. Ya ɓata rai.

“Ki hana ta wanga surutu. Ni na san abin da niy yi. Na Giɗaɗo kaɗai za ta hwaɗa min.”

Na kashe maimaitawar nan take, har ina jin daɗin yadda tsohon ya dawo da izzarsa. Suka yi zubi lafiya lau, kara da tsakuwa kowanne a mazauninsa. Suna gab da shiga matsawa direba ya aiko cewa mota za ta tashi, in na wuce wannan sai gobe, domin ba a bin hanyar in rana ta yi sanyi. Na bar Kaka sunkuye a kan guraben, bai ma ji sallamata ba. A mota na yi ta murmushi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa.

Mako biyu Gwaggo tana gaya mini yana fita kullum. A na uku ta ce yana fita, amma ba ya daɗewa. A na huɗu Mukhtar ya kira ni ya ce Baffa yana son ganina, kuma ya ce ba maganar waya ba ce.

Na sami Baffa a zauren Mukhtar, ya rame, ya ƙara tsawo. Shi ma ya haƙa gurabensa a tsakar gida, yana kwaikwayon abin da ke fuskar waya, don ya ce kansa ba ya aiki sai hannunsa ya taɓa ƙasa. Mun daɗe muna gaisawa, ni ina ɗaga murya, shi yana amsa abin da ya ga dama. Sai ya sallami Mukhtar, ya matso.

“Ɗiyata, yaushe rabonki da kakanki?”

“Wata guda, Baffa.”

“To ku kula da shi. Barau ba shi nan.” Ya taɓa goshinsa. “Zubi shina yi daidai, wanga ya zauna mishi tun ƙuruciya. Amma da an shiga tahiya, sai ka ga ya ɗauki ɗa daga inda za ya ci, ya kai shi daji. Ko yaron goye ba ya yin haka. Na buɗe mishi hanya da gangan, ya wuce ta. Na aje mishi tsakuwata a baki, bai ɗauka ba. Kuma da wasa ya yi nisa sai ya kashe waya.”

Ya juya fuska wajen bango. Kafin ranar ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba, ko ran da ya bar rugarsa.

“Kak ki hwaɗa mishi na ce komi. Ni zan ci gaba da yi da shi haka nan, ina yin wauta shina yin wauta, don kada ya gane. Amma wallahi abin na ci min rai.”

Na fito ina ta juya maganar a raina. Mutumin da ya haddace lamba talatin a zama ɗaya, a ce cikin wata guda ya rikice? Amma tsufa ba ya sallama, kuma Baffa ya fi kowa sanin darar Kaka. Da na koma Mafara na buɗe kwamfuta na duba wasannin da suka yi, domin injin yana ajiye kowane motsi. Gaskiyar Baffa ce. Motsin Kaka ba kai ba gindi. Na jera na'urorin uku a kan tebur, kwamfuta da babbar waya da ƙaramar, na yi wasa da kaina sau goma. Duk abin da na danna a ƙaramar, shi ke fitowa a sauran. Babu kuskure ko ɗaya. Ban taɓa baƙin cikin ganin aikina ya yi daidai ba sai ranar.

Ranar Alhamis na ɗauki kwamfutata na tafi Damri, da niyyar mu yi shawara da Gwaggo a kai shi asibiti. Na same shi a ɗaki, ba a gindin tsamiya ba. Ya gane ni da takuna. Ya tambayi mutanen Mafara, wannan karon na lura da kyau, bai tsallake kowa ba, har ya tuna mini da wata ɗalibata da na taɓa ba shi labarinta. Babu tsokana dai, bai kira ni amarya ba. Da Gwaggo ta fita sai ya ce in tura ƙofa.

“Surayya, kin ga Giɗaɗo kwanan ga?”

Na ce na gan shi.

“Yaya kinka gan shi?”

“Lafiya lau, sai dai rama.”

Ya girgiza kai. “Ke yarinya ta, ba ki ganewa. Giɗaɗo ya tahi. Tashin ga da anka yi mishi daga ruga, shi yat taɓa mishi kai. Zubi shina yi daidai. Amma da an shiga tahiya, sai in ji ya ɗauki tsakuwa ya aza bisa karana. Wata rana ya ɗauko ɗa daga gurbin da babu komi ciki. Na laluba, na sake lalubawa, wayam. Wata rana ya ce ya ci, alhali bai jera ko biyu ba. In abin ya yi yawa sai in kashe waya, in bari ya zaci sabis na.”

Ya gyara zama, ya ci gaba.

“Kak ki hwaɗa ma Mukhtar, kada su raina tsohonsu. Amma ni na gaji. Shekara arba'in ban taɓa tausaya mishi a dara ba, shi ma haka. Yanzu ina zaune ina jin shina zubewa gurbi-gurbi. Gobe Juma'a zan yi ta ƙarshe, don kada ya ce na guje shi. Daga nan ki ɗauke wayarki, Hasana ta cike guraben.”

Tausayi ya kama ni, sai kuma wani abu ya biyo bayansa. Tsofaffi biyu, gari daban-daban, su rikice lokaci ɗaya, kuma a wuri ɗaya, daidai inda zubi ya ƙare? Ni dai na san irin wannan ciwon, kuma ba a kan mutum yake zama ba. Amma na riga na gwada komai. Abu ɗaya ne kawai ban taɓa yi ba, ban taɓa ganin Kaka yana matsa ɗa da idona ba.

Na roƙe shi mu fita gindin tsamiya ya yi wasa ɗaya da ni. Ya ce ba ya dara da mata, na ce ai ba da ni zai yi ba, da kwamfuta zai yi, ita kuma ba mace ba ce ba namiji ba. Ya yi ɗan tsaki mai kama da dariya, ya miƙo hannu. Ya zauna a mazauninsa na kullum. Na zauna a wurin Baffa da kwamfuta a cinya, rana tana dukan idona, na ce lallai tsohon nan ya sha haƙuri.

Muka gama zubi. Kaka ya laluba, ya ɗauki karan da ke gurbi na sha huɗu, ya matsar da shi gaba, wajena.

A nan na tsaya. Gabansa gabas ne, ni ce nake zaune ta gabas da shi. Ya ɗauki waya ya danna ɗaya da huɗu, sannan babban yatsansa ya hau maɓallin sama. A fuskar kwamfutata karan ya tafi arewa.

“Kaka, ina ka kai shi?”

“Gabas mana.”

“To me ya sa ka danna na sama?”

Ya ɗago kai kamar na tambaye shi sunansa. “Wane zan danna? Na bisa ai shi na gaba. Mutum in ya zauna daidai ina yaka duba? In kin tashi salla ina kika duba? Ga gabas gabana, yamma bayana, kudu ga dama, arewa ga hagu. Ko an canza?”

Ba a canza ba. Ni ce na shekara ashirin ina kallon taswirar makaranta, wadda kullum arewa ke samanta. Su ma waɗanda suka rubuta injin haka suka tashi, a cikin rubutun ma maɓallin sama sunansa arewa. A kwamfuta da babbar waya maganar ba ta taɓa tasowa ba, tunda jan ɗan ake yi da hannu. Sai a ƙaramar waya aka wayi gari dole a ce wane maɓalli ne ina, ni kuma na ɗauki abin da na tarar ban ko yi tunani ba. Duk gwajin da na yi ya fita daidai ne saboda kaina da na injin iri ɗaya ne. Kaka ya ce gabas, waya ta kai arewa. Ya ce kudu, ta kai gabas. Daga motsin farko darar da ke ƙasa a Damri ta rabu da wadda Baffa ke gani a Maradun, kowa yana wasa mai kyau a darar da ɗayan ba ya ciki. Muryar da za ta tona asirin kuwa, ni na kashe ta da hannuna.

Kunya ta rufe ni. Na gaya masa komai, ban rage ba, har da zuwana Maradun da abin da Baffa ya ce. Na san an ba ni amana, amma na ga riƙe ta ya fi karya ta cutarwa. Kaka ya jujjuya kara a hannu.

“Wato shi ma haka yaz zata gare ni.”

“Haka ne, Kaka.”

“Har ya aje min tsakuwa a baki da gangan?”

“Haka ya ce.”

“Ɗan nema,” ya faɗa a hankali. “Ni zai yi ma sadaka.”

Gwaggo, da ta fito ta ji ƙarshen maganar, ta ce ai da sauƙi, a nuna masa na sama arewa ne kawai ya saba. Na ce a'a. Mutum ya haura tamanin yana duban gabas, ba shi zan juya ba, injin zan juya. Nan gindin tsamiyar na buɗe rubutun. Na so in musanya sunayen maɓallan kawai in huta, amma na san wani zai zo bayana ya faɗa ramin. Sai na ƙara wa injin tambaya ɗaya da zai riƙa yi a duk na'ura mai maɓalli: mai wasa ina yake fuskanta? Na sa wa Kaka gabas. Na mayar da muryar maimaitawa, ya yi gunaguni, na ce wannan karon ba shawara nake nema ba. Kafin magariba mun yi wasa biyu, ya cinye ni duka biyun ba tare da ya ko gyara zama ba.

Daga baya na aika gyaran zaurenmu. Mai kula da injin ya tambaye ni wane ne zai buƙaci wannan. Na rubuta masa labarin a layi biyar. Ya amsa da “na gode” kawai, ya haɗa shi da na kowa.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, Mukhtar na kira na yi masa bayani, na ce ya gaya wa Baffa a kunnensa mai ɗan ji. Ina jin sa ta waya yana ɗaga murya, yana maimaitawa. Da ya dawo ya ce tsohon bai yarda ba. Wai ya ce yarinyar kirki ce, tana rufa wa kakanta asiri ne.

Juma'a bayan la'asar Kaka ya sa farar rigarsa ya fito. Ni na zauna gefe, Gwaggo ta tsaya a bakin zaure da tsintsiya a hannu, wai shara take yi. Aka yi zubi. Kaka ya laluba ya yi motsin farko, wayar ta ce, da muryata, sha huɗu, gabas. Baffa ya amsa da wani motsi na sakaci, irin na mai buɗe wa yaro hanya. Kaka ya ji, ya cije leɓe, ya matsa, ya jera uku, ya cire tsakuwar ya jefar da ita har ta bugi tsamiya.

Sai wayar ta yi shiru. Minti ɗaya, biyu, biyar. Na duba sabis, yana nan. Kaka ya ɗora hannuwa a gwiwa yana jira.

Can wayar ta yi magana. Ashirin da biyu, arewa.

Kaka ya kai tsakuwar inda aka ce, ya shafa kewayenta, sai na ga gashin girarsa ya ɗaga. Daga nan babu wanda ya ƙara jira. Baffa ya toshe nan, ya buɗe can, ya kafa wata tsakuwa da in ta je ta ci, in ta dawo ta ci. Kaka ya yi iyakar yinsa, gumi har gemu, yana magana shi kaɗai, yana kiran Baffa da sunayen da ban taɓa ji ba. Karansa suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba ya laluba guraben duka talatin, ya tarar saura kara biyu.

Ya zauna da su a tafin hannu. Sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa suna motsi, hawaye suna bin fuskarsa bai share ba.

“Ya cinye ni tas,” ya ce. “Kin gani? Ko ɗaya bai bar min ba. Lahiyatai lau.”

Gwaggo ta jingine tsintsiyar ta shige gida da sauri. Wayata ta yi ƙara, Mukhtar ne. Ya ce Baffa ya hana shi sakat sai ya kira, wai a tambayi Barau yanzu wa ya fi.

Kaka ya goge fuska da hannun riga, ya fara tattara karansa daga ƙasa.

“Ki ce mishi don ba rana a idonai na,” ya ce. “Ki ce ya zuba.”